Yadda ake shirya gangamin ƙarfafa ƙashin 'yan mata a unguwannin Hausawan Legas

Damina biyu da suka wuce, wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Agege ta zame a bakin famfo. Santsin ruwan wanki ne kawai ya ɗebe ta, ta zauna da ƙarfi, ƙashin ƙugunta ya karye. Ta yi watanni a kwance, sai an ɗaga ta sai an kwantar. Ranar da na je dubiya na tarar da jikarta 'yar shekara 11 a ƙofar ɗaki tana karyawa da ruwan bunu da burodi, tana sauri za ta tafi makaranta. Kowa a gidan hankalinsa na kan tsohuwar, ni kuwa yarinyar na yi ta kallo, domin irin karayar da ta kwantar da kakarta daga wannan kofin shayin take somawa.

Ƙashi kamar asusu yake. Ana zuba masa a ƙuruciya, a ci gajiyarsa a tsufa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashin mace yana kammala taruwa ne zuwa shekara 18, kuma lokacin da ya fi saurin taruwa shi ne shekarun da yarinya take zabga tsawo, dab da fara al'ada da ɗan bayanta. Idan mace ta daina al'ada, ƙashin yana zaizayewa da sauri, har an ƙiyasta cewa a duniya mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta samu karaya saboda raunin ƙashi. Wadda ta cika asusunta tana ƙarama ita ce za ta jure. Shi ya sa wannan aiki na 'yan shekara 9 zuwa 18 ne, kuma mata biyar masu niyya sun isa su tayar da shi a layinsu. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Ku san abin da za ku faɗa, ku taƙaita shi

Saƙon uku ne: abinci mai kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, hasken rana, da wasan tsalle. Duk abin da kuka ƙara a kai zai iya shashantar da mai sauraro.

Akwai adadi biyu da ya kamata kowace mai gangami ta haddace. Yarinya mai shekara 9 zuwa 18 tana buƙatar kalsiyam miligiram 1,300 a kullum, ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka suka tsayar ke nan. Kofi ɗaya na madara kuwa yana ɗauke da kimanin miligiram 300. Yanzu ku haɗa wannan da abin da aka gano a ƙasarmu. A shekarar 1999, likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a Jos kan yara masu lanƙwasar ƙafa. Suka tarar abin da yaran ke samu na kalsiyam a rana bai wuce kimanin miligiram 200 ba, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashinsu ya fi warkewa fiye da waɗanda aka bai wa bitamin D kaɗai, wato sinadarin da jiki ke yi idan rana ta taɓa fata. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, rana muna da ita, abin da ya fi ƙaranci a jikin yaranmu yana cikin tukunya ne. Don haka ƙarfin gangaminku ya fi karkata can.

Mataki na 2: Ku tambayi yara abin da suka ci jiya

Kafin ku kira taro ko ku buga takarda, ku zaɓi 'yan mata kamar 20 daga gidaje daban-daban, ku tambayi kowacce abin da ta ci jiya tun daga karin kumallo har ta kwanta. Kada ku ce “kina shan madara?”, domin kunya za ta sa ta ce eh. Ku ce, “'Yata, da kika tashi jiya me kika fara sa wa a bakinki?” Ku rubuta a littafi ba tare da suna ba, shekarunta kawai. Ku tambaye ta kuma inda ta wuni, da ko ta yi wasan guje-guje.

Lokacin da muka yi namu, amsoshin kusan iri ɗaya ne: shayi da burodi ko koko, taliyar leda ko shinkafa da mai da yaji da rana, lemon kwalba idan an samu canji, tuwo da dare. Wata ta ce ana sa mata madara a shayi, da aka ɗauko ledar sai muka ga garin da ake faranta shayi da shi ne kawai, wanda galibinsa mai ne da sukari. Uwar ta yi shekara tana saya da kyakkyawar niyya. Wannan littafi shi ne hujjarku a gaban iyaye, ya fi kowane jawabi tasiri, kuma da shi za ku auna ko kun yi wani abu bayan wata uku.

Mataki na 3: Ku shiga ta ƙofa

A Legas, ko a Agege kuke, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ko Obalende, ko Alaba Rago, ba a tara 'ya'yan mutane ba da sanin manya ba. Ku fara da fadar Sarkin Hausawan yankinku ko mai unguwa, ku tafi da dattijuwa ɗaya da ake ganin girmanta. Magana gajera ta isa: “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka ne. Muna so mu koya wa 'yan matanmu da iyayensu abincin da ke ƙarfafa ƙashi, ba magani za mu raba ba, ba allura za mu yi ba.” Wannan jimla ta ƙarshe kada ku bar ta, tana kashe jita-jita tun kafin ta tashi.

Daga nan sai liman da shugaban Islamiyya. Islamiyya ce wurin da za ku samu 'yan mata a tare kusan kullum, har da waɗanda ke talla da safe. Ku roƙi liman ya yi wa maza tuni bayan sallah, don a gidaje da yawa maigida ne ke cefane, kuma idan bai san amfanin abu ba zai ɗauke shi almubazzaranci. Sai ku je cibiyar lafiya matakin farko mafi kusa ku nemi ma'aikaciyar jinya ta halarci taronku. Idan ba ta jin Hausa, ɗayarku ta yi tafinta. Idan akwai reshen FOMWAN, ƙungiyar mata musulmi ta Najeriya, ko ƙungiyar adashe mai ƙarfi a unguwar, ku jawo su, sun riga ku sanin gidan da ake jin magana da gidan da sai an lallaɓa.

Mataki na 4: Abinci, inda aikin yake

A nan nake so ku daɗe. Idan kuka tsaya gaban uwa mai 'ya'ya shida a ɗaki ɗaya kuka ce ta ba kowace yarinya kofi huɗu na madara a kullum, za ta ce to, ta tashi, ba za ta sake dawowa ba. Da tsadar Legas wannan ba magana ba ce. Dabarar ita ce a tara kalsiyam kaɗan-kaɗan daga abin da muka saba ci.

Nono da kindirmo su ne kan gaba, kuma jiki ya fi saurin ɗaukar kalsiyam ɗinsu. Yarinyar da madara ke ɓata wa ciki sau da yawa tana shan kindirmo lafiya, saboda tsamin ya rage abin da ke damun ta. Sai dai a kula: ɗanyar madarar shanu dole a tafasa ta, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ciki har da na tarin fuka. Hanya mafi tsafta ita ce ku koya wa iyaye yin kindirmo a gida. A dama garin madara na gaske da ruwan da aka tafasa ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, a zuba cokali biyu na kindirmon jiya, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi ya kwana. Da safe ya kama. A dama fura da shi, ko a zuba a kan dambu ko kunu. Wara, cukun da ake sayarwa a kasuwannin Legas, ita ma daga madara take, a soya ko a jefa a miya. Wajen sayen madarar gari kuma a juya bayan leda a karanta, a ga an rubuta yawan kalsiyam. Ku sa 'yan matan da ke makarantar boko su riƙa karanta wa iyayensu, suna jin daɗin wannan aikin ƙwarai.

Na biyu, kifin da ake ci da ƙashinsa. Zama a bakin teku ya ba mu abin da 'yan'uwanmu na Arewa ba su da shi da sauƙi. Ƙananan kifin nan da Yarbawa ke kira yoyo, waɗanda ake soyawa a cinye gaba ɗaya, da kifin gwangwani mai laushin ƙaya, da busasshen jatan lande da ake dakawa a miya, duk kalsiyam ne. Ga abin da nake koya wa kowace uwa: a sayi ƙananan busassun kifi, a wanke, a shanya ko a gasa sama-sama su bushe ƙarau, a daka su har da kai da ƙashi su zama gari, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Kullum cokali ɗaya ko biyu a miya, ko a cikin wake, ko ma a taliyar ledar da yaran ba za su daina ci ba. Babu ƙayar da za ta shaƙe kowa, kuma ba wanda zai ce an ba wani babban yanki an hana shi.

Wannan batu na rabo yana da muhimmanci. A gidaje da yawa kifi da nama suna tafiya kwanon maigida da na samari, yarinya ta samu romo. Ba za ku gyara wannan da faɗa ba. Garin kifi yana gyara shi a natse, tunda ya narke a miyar da kowa ke sha.

Na uku, ganye. Kuka da zogale suna da kalsiyam sosai, musamman busassu, kuma ana samun su a duk kasuwar da Hausawa suke. Kuɓewa, lalo wanda a nan ake kira ewedu, da ugu, duk suna taimakawa. Miyar kuka da daddawa da garin kifi, wadda wasu 'yan matan Legas ke yi wa kallon abincin ƙauye, ta fi shinkafa da miyar tumatir amfani ga ƙashi nesa ba kusa ba. Ku faɗa musu haka ƙarara. Riɗi ma yana da shi, amma wanda ba a cire wa ɓawo ba, don a ɓawon yawancinsa yake. Sai tamba, wadda a cikin hatsi ba ta da na biyu a wannan fanni: giram 100 nata na ɗauke da fiye da miligiram 300. Kunun tamba da kindirmo karin kumallo ne da ya dace da yarinya mai tasowa.

Abu biyu da ake yawan kuskure a kansu. Awara abinci ce mai gina jiki, amma wadda aka haɗa da ruwan tsami ko tsamiya ba ta kai madara kalsiyam ba, kada a ɗauke ta madadinta. Kanwa kuma, duk da kamar dutse take, ba ta gina ƙashi. Sannan masara da dawa da gero suna da wani sinadari da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki ɗauka, jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yi wa kamu yana rage shi. Iyayenmu sun daɗe suna yin daidai a nan.

Lemon kwalba kuwa babban laifinsa shi ne yana cinye kuɗin da za a sayi nono, kuma yana cika cikin da nonon zai shiga. Ku ce wa yarinya ta mayar da uku daga cikin na mako zuwa kindirmo. Idan kuka ce ta daina gaba ɗaya, a ɓoye za ta sha.

Mataki na 5: Rana

Jiki yana yin bitamin D ne idan rana ta taɓa fata, kuma ba tare da shi ba kalsiyam ɗin da aka ci ba ya shiga jini yadda ya kamata. Yarinyar da ke fita da hijabi har ƙasa daga ɗaki zuwa makaranta, daga makaranta zuwa Islamiyya, a gidan haya mai dogon lungu da rana ba ta leƙawa, tana iya rasa shi a tsakiyar Legas. Ba wanda ya ce ta cire hijabinta a titi. A nemi tsakar gida, ko bayan gida inda ake shanya, ko saman bene, inda mata ne kaɗai, ta yi wanki ko tsintar shinkafa a can hannuwa da ƙafafu a buɗe, kamar minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, da hantsi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya aikin. Kifin titus da gwaiduwar ƙwai suna ƙara ɗan abin da ya samu.

Mataki na 6: Ku dawo da wasa

Ƙashi yana ƙara ƙarfi ne idan ana dira a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma aƙalla kwana 3 a mako ya zama irin wanda ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, wato gudu da tsalle. Abin da ke ba ni takaici shi ne, daidai lokacin da yarinya ta fi buƙatar wannan ne muke ce mata, “Ke, kin girma, ki nutsu.” Ƙirji ya fara fitowa, sai a zaunar da ita.

Muna da wasanninmu: 'yar gala-gala, wadda maƙwabtanmu ke kira suwe, da tsallen igiya, da gaɗa. Ba sa cin fili, ba sa cin kuɗi, alli da igiyar shanya sun wadatar. Ku roƙi shugaban Islamiyya minti 15 kafin a shiga aji, kwana uku a mako, a keɓe wa 'yan mata wuri, malama mace na tsaye. A fara da tsalle 20, a riƙa ƙarawa har 50 ko fiye. Wani gangami da aka ƙaddamar a Amurka a 2009 mai suna Best Bones Forever!, na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, an gina shi ne kan ƙawance, kuma dabara ce mai kyau: ku haɗa su bibbiyu, kowacce da ƙawarta, su riƙa ƙirga wa juna. Yarinya za ta ƙi jin maganar uwa, amma ba ta son ƙawarta ta fi ta. Ɗaukar farantin talla mai nauyi a ka wuni guda ba ya cikin lissafin nan, gajiya ce da ciwon wuya.

Mataki na 7: Ranar taro

Ku zaɓi Asabar ko Lahadi bayan la'asar, ko ku daidaita da 20 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da zaizayewar ƙashi. Kada ya wuce awa biyu. Jawabi minti 10 kacal, sauran duk aiki da hannu: turmi a tsakiya ana daka kifi, tukunyar miyar kuka a kan wuta, kindirmon da aka haɗa jiya ana ɗanɗanawa. A baje tabarma a jera kayan da aka sayo a kasuwar unguwa, kowanne da farashinsa na wannan makon, a gefe kuma kwalbar lemo da nata farashin. Iyaye za su yi lissafin da kansu. Ku gayyaci kakanni musamman, ku zaunar da su a gaba, ku ce, “Inna, ki nuna musu yadda kuke gaɗa a da.” Idan kaka ta yarda da abu, ya zauna a gidan. Kuɗin taron kuwa karo-karo ya ishe shi, kada ku jira tallafin kowa, kuma kada ku bari mai tallar magani ya hau kan taronku ya sayar da kayansa.

Mataki na 8: Waɗanda za a tura asibiti

Ku ba likitoci ba ne, aikinku gani da turawa. Ƙananan yara kan yi 'yar bakan ƙafa kafin shekara 2, da ɗan gwame wajen shekara 3 zuwa 4, su miƙe da kansu. Amma idan lanƙwasar na ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce, ko wuyan hannu ya yi kauri, ko yarinya na kukan ciwon ƙafa tana ƙin tafiya, ko ta karye daga 'yar faɗuwa, a kai ta cibiyar lafiya. Daga can za a iya tura ta Asibitin Ƙashi na Igbobi, ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko na LASUTH a Ikeja. Kada a tsaya wajen mai ɗori, kada a sa wa abin sunan iska. Wannan ciwo na lanƙwasar ƙafa yana warkewa idan an kama shi da wuri, idan kuma aka bar shi yana iya tsuke ƙashin ƙugu, ya zame mata wahala ranar haihuwa. Mai sikila da ke ciwon ƙashi nata daban ne, likitanta ne zai faɗi abin da ya dace, har da irin wasan da za ta iya. Budurwar da al'adarta ta ɗauke wata 3 ba dalili ita ma a duba ta.

Ku keɓe da manyan 'yan matan ku yi musu maganar sha-ka-fashe. Wasu ƙwayoyin ƙiba da ake sha don a cika kafin biki suna ɗauke da sinadarin da ke cinye ƙashi idan an daɗe ana sha, kuma irinsa na cikin wasu mayukan bilicin. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari, ta je likita ya rage mata a hankali. Ƙwayar kalsiyam da ta bitamin D ma sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Mataki na 9: Bayan an watse

Ku raba wa kowace yarinya kati mai layin kwana 30 da gida uku a kowace rana: na abinci, na rana, na tsalle. Ta sa alama, ƙawarta ta shaida, malama ta duba ranar Alhamis. Ku buɗe zauren WhatsApp na iyaye, amma saƙon murya za ku riƙa turawa, gajere, sau ɗaya a mako, da wane kifi ya yi araha a wace kasuwa. Idan azumi ya zo, ku tuna musu da kindirmo ko kunun tamba a sahur, wasa kuma a mayar da shi bayan buɗa-baki. Bayan wata uku ku ɗauko littafin nan na farko, ku koma gidajen nan 20, ku sake yi wa kowace yarinya tambayar: da kika tashi jiya, me kika fara sa wa a bakinki? Gidan da amsar ba ta sauya ba, ɗayarku ta je da kwalbar garin kifi a hannu, ta zauna da uwar a bakin murhu har a sauke miya.